Farautar dalma a cikin cokalin ruwa

A wajenmu ido ne alƙalin ruwa. In ya yi garau a kofi, babu wari, babu wani ɗanɗano, shi ke nan ya ci jarrabawa. In kuwa ya gurɓace sai a jefa masa alif, a jira laka ta kwanta a gindin randa, a ɗebi na sama a sha. Dabara ce mai kyau ga abin da ke yawo a cikin ruwa, amma abin da ya riga ya narke ba ya jin tsoron alif sosai. Ka zuba gishiri a kofi ka juya, ruwan zai koma garau kamar ba a taɓa shi ba, alhali gishirin yana nan ciki, harshe ne kawai zai tona asirinsa. To akwai abubuwan da ko harshen ba ya jin su, kuma su ne suka fi ɓarna.

Gishirin da ya narke rabuwa yake yi gida biyu, kowane ɓangare ɗauke da cajin lantarki: sodiyam da cajin fulos, kuloraid da cajin mainos, kamar kawunan batir. Irin waɗannan ƙwayoyi masu caji su ake kira ayon. Michael Faraday na Ingila ne ya shigo da kalmar a 1834, daga harshen Girka, ma'anarta mai tafiya, domin ya lura cewa in aka tsoma sanduna biyu masu wuta a ruwa, wasu abubuwa sukan kama hanya zuwa ɗaya sandar, wasu zuwa ɗayar. Shekara hamsin bayan haka wani ɗalibi ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya ce ai ƙwayoyin a rabe suke tun kafin a kawo wuta, narkewar ce ta raba su. Malamansa ba su gamsu ba, da ƙyar suka bar shi ya wuce a 1884, amma a kan wannan magana aka ba shi lambar Nobel a 1903. Dalma, zaiba, kadmiyam, fuloraid, naitiret, duk a matsayin ayon suke zama a ruwan rijiya. Tun da kuwa suna da caji, lantarki na iya kiransu, yana iya korarsu, yana iya tsallakar da su daga wannan wuri zuwa wancan. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Matsalar farko ita ce ƙanƙanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a maikirogiram 10 cikin lita ɗaya, haka ma asenik, wata guba da ke fitowa daga wasu duwatsu, kadmiyam kuwa, wani ƙarfe mai guba, 3 kacal. Domin a gane abin, maikirogiram 10 a lita daidai yake da giram ɗaya a cikin lita 100,000, wato kusan tankar mai uku cike da ruwa, ko jarka 4,000 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Matsala ta biyu cunkoso ce. Ruwan da ke ɗauke da wannan 'yar dalma yana kuma ɗauke da kalsiyam da magnisiyam da sodiyam da suka ninka ta sau dubbai, ga ruɓaɓɓen ganye da ya narke, ga iska, ga ƙurar laka. Hausawa sun ce allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka. Mai gwajin ruwa ba zai zauna jiran rabo ba, dole ya san yadda zai sa allurar ta zo hannunsa da kanta, kuma wannan aikin shi ake kira shirya samfur. Na'urar da ke fitar da lamba a ƙarshe ita ke shan yabo, ita ake nuna wa baƙi in sun zo ɗakin gwaji, amma gaskiyar lambar ko ƙaryarta tun a wajen shiri ake yanke ta.

Shirin tun daga bakin rijiya yake farawa. Na taɓa ganin ɗalibi ya kawo ruwan ƙauyensu a gorar lemo da ya ɗauraye, ta kwana uku a bayan mota cikin rana, yana so a gaya masa ko akwai dalma. Duk lambar da aka ba shi zancen banza ce. Ayon ɗin dalma yana manne wa jikin gora, yana kuma bin tsatsar baƙin ƙarfe da ke fitowa idan ruwan burtsatse ya sha iska, su kwanta tare a gindi. Shi ya sa ake amfani da gorar roba da aka jiƙa kwanaki a asid, a ɗiga wa ruwan asid ɗin naitirik nan take har lambarsa ta sauka ƙasa da 2 a ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, domin ƙarafan su ci gaba da zama a narke. In narkakken kawai ake so a sani, sai a fara tace ruwan da matata mai ramuka maikiromita 0.45 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) kafin a sa asid. In aka juya tsarin, aka sa asid kafin tacewa, asid ɗin zai narkar da abin da ke jikin laka, lambar ta haura. Kuma kowanne da amfaninsa, domin yaron da ya sha ruwan tafki da lakarsa ya sha, cikinsa kuwa cike yake da asid.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke wannan kuskure. Clair Patterson, Ba'amurken da ya auna shekarun duniya a 1956 ya samu biliyan 4.55, da dalmar duwatsun da suka faɗo daga sama ya yi lissafinsa, kuma sai da ya gina ɗaki na musamman mai tsananin tsabta kafin ya samu lambar da zai yarda da ita, saboda dalma tana cikin ƙura, tana cikin asid, tana jikin kwalabe. Daga baya ya nuna cewa yawancin lambobin da masana suka daɗe suna bugawa na dalmar ruwan teku dattin kayan aikinsu suke aunawa. A garin Flint na jihar Michigan kuwa, bayan an sauya musu ruwa a 2014, abin ya bi ta ɗaya gefen: ana umartar mazauna su bar famfo ya zuba na 'yan mintoci da dare kafin su ɗebi samfur da safe, abin da ke wanke dalmar da ta taru a bututu, lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Sai a 2016 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito ta ce a daina hakan.

To, a ce an ɗebo ruwan yadda ya kamata. Yaya lantarki zai tattaro 'yar dalmar nan?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu wankin zinare a Zamfara ko Neja ya ga dabarar da idonsa. Suna niƙa dutse, su wanke, su zuba zaiba a cikin ƙasar. Zaibar tana bi tana lashe ƙurar zinaren da ido ba ya gani, ta tara ta wuri guda. Daga nan sai a ƙona, zaiba ta tashi, zinare ya rage. Hanyar da ta fi shahara a gwajin ƙarafa da lantarki haka take, mataki biyu: tarawa, sannan saki. Asalinta daga Jaroslav Heyrovský ne, masani a birnin Firag, wanda a 1922 ya gano cewa in ana ɗigo da zaiba daga siririn bututu cikin ruwa ana ƙara mata ƙarfin wuta sannu a hankali, kowane ƙarfe yana da matakin da yake amsawa. Shi da wani ɗan Japan, Masuzo Shikata, suka ƙera na'urar da ke zana wannan amsa da kanta, kuma Heyrovský ya samu Nobel a 1959. Sai dai ɗigon da ke faɗuwa kowane 'yan daƙiƙu ba ya tara komai. A ƙarshen shekarun 1950 Wiktor Kemula da Zenon Kublik a ƙasar Folan suka tsayar da ɗigon wuri ɗaya, yana rataye a bakin bututu, ya zama tarko.

Ga yadda abin ke gudana a kan tebur. Ana auna ruwa mililita 10, wato kusan cokali biyu na shayi, a ɗan kofin gilashi. In ruwan yana daidai iyakar da aka sa, dalmar da ke ciki kashi ɗaya ce cikin goma na maikirogiram, wadda sikelin da aka saba da shi ba zai ji nauyinta ba, duk da cewa ƙwayoyinta sun kai kusan tiriliyan 290. Ana ƙara ɗan ruwan asitet domin tsamin ya tsaya wajen 4.5, ya kuma ba wuta hanyar bi. Sai a tsoma sanduna uku. Ɗaya ita ce ma'aikaciya, mai ɗigon zaibar a bakinta, inda za a tara ƙarfen. Ta biyu, ta azurfa, ba ta aiki, tsayawa take kamar turke domin a riƙa auna ƙarfin wutar daga gare ta. Ta uku ita ke rufe da'ira. Ana busa iskar naitirojin ta cikin ruwan na wasu mintoci, yana tafarfasa ba zafi, domin a kori iskar oksijin, wadda ita ma tana son karɓar wuta, in aka bar ta hayaniyarta za ta danne muryar dalma. Daga nan a ba ma'aikaciyar sanda cajin mainos, kamar bolt 1.2, a kunna ɗan maganaɗisun da ke juya ruwa. Minti biyu, ko uku, ko biyar, babu abin da ido ke gani. Amma a bakin sandar kowane ayon ɗin dalma da ya iso yana karɓar ilektiron biyu, wato ƙwayoyin wuta masu cajin mainos, ya daina zama ayon, ya koma ƙarfe, ya nutse cikin zaiba. Abin da ke warwatse cikin cokali biyu yana taruwa a ɗigon da bai kai kan allura girma ba, shi ya sa yawansa a wurin kan ninka na cikin ruwan sau ɗari zuwa dubu.

Sai a kashe majuyin, a bar ruwa ya natsu na 'yan daƙiƙu, a fara sassauta wutar zuwa gefen fulos. Kowane ƙarfe yana da inda yake saki. Tutiya ce ke fara fita, wajen mainos 1.0, sai kadmiyam wajen mainos 0.6, dalma wajen mainos 0.4, jan ƙarfe kusa da sifili. Duk wanda ya fita yana mayar da ilektiron ɗin da ya karɓa gaba ɗaya, wutar ta yi tsalle, a allon kwamfuta a ga tsauni ya tashi ya sauka. Inda tsaunin ya tsaya shi ke faɗin sunan ƙarfen, tsayinsa kuma shi ke faɗin yawansa. Abin da ke burge ni a wannan hanya shi ne shiri da awo a sanda ɗaya suke, babu juye ruwa daga wannan kwalba zuwa waccan, babu tafasawa a ƙafe, waɗanda duk ƙofofin shigar datti ne. Kuma in tsaunin ya yi gajere, lokaci kawai za ka ƙara wa tarawar.

Sai dai fa wannan sauƙi yana da tarko, kuma a nan ne nake ganin masu tallan ƙananan na'urori ke rufe baki. Sandar ba ta kama duk dalmar da ke cikin ruwa, tana kama wadda ke sake ne kawai, ko wadda ɗaurinta bai yi tsauri ba. Ruwan tafki ko kogi yana da narkakken ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, wanda ke ba shi wannan launin shayi. Waɗannan manyan ƙwayoyi suna rungume ayon ɗin dalma da jan ƙarfe su hana shi zuwa sanda, wasu kuma su kansu suna shafe fuskar sandar kamar yadda maiƙo ke shafe tukunya. Sakamakon shi ne gajeren tsauni, ko babu tsauni sam, mai gwaji ya rubuta cewa ruwa lafiya. Maganin shi ne a ƙona wannan datti tukuna. Yawanci ana sa ruwan a bututun gilashi na musamman, a ɗiga masa asid da haidirojin feroksaid, a haska masa fitilar hasken da ya wuce shuɗi na awa ɗaya ko fiye har ya yi fari. Akwai kuma masu yin ƙonawar da lantarki kansa: sandar da aka lulluɓe da lu'ulu'un da aka haɗa da ɗan sinadarin boron, in aka ba ta fulos mai ƙarfi, tana fasa ruwa ta fitar da wasu gutsattsari masu tsananin ci da ke cinye dattin har ya koma iska da ruwa. Amfaninta ba ka ƙara wani sinadari da zai zo da tasa dalmar ba. In mutum ya auna kafin ƙonawa ya kuma auna bayanta, bambancin lambobin biyu labari ne mai zaman kansa, domin yana nuna kashi nawa ne ke sake. Manyan na'urori masu ƙona samfur gaba ɗaya ba sa iya faɗin wannan.

Ƙarafan ma suna faɗa da juna. Jan ƙarfe da tutiya in suka haɗu a cikin zaiba sukan ƙulle da juna, kamar yadda suke yi a tagulla, sai tsaunin tutiya ya ragu. Ana raba su da ɗan sinadarin galiyam, wanda jan ƙarfen ya fi so. Kuma tun da kowane ruwa da halinsa, ba a yarda a kwatanta tsaunin ruwan rijiya da na tsabtataccen ruwan ɗakin gwaji kai tsaye ba. Abin da ake yi shi ne a auna samfur, a ɗiga masa sanannen adadin dalma a sake aunawa, a ƙara a sake, sannan a yi lissafi a koma baya. Duk abin da ke danne dalmar asali zai danne wadda aka ƙara, sai kuskuren ya cinye kansa.

Zaiba kuwa ita kanta guba ce, kuma tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan taƙaita amfani da zaiba a duniya, wadda ta fara aiki a 2017, ɗakunan gwaji da yawa sun rabu da ita. Tun 1970 wani masani a Ostareliya, T. M. Florence, ya rage yawanta ta hanyar shafa siririn fatarta a kan sandar gawayi mai santsi. A shekarar 2000 Joseph Wang da abokan aikinsa a jihar New Mexico ta Amurka suka nuna cewa bismut, ƙarfen da har a maganin ciwon ciki ake sa shi, yana kama dalma da kadmiyam da tutiya kusan kamar zaiba, kuma bai damu da oksijin sosai ba, wato ba sai an yi dakon tukunyar naitirojin zuwa ƙauye ba. Ga asenik da ita kanta zaibar, sandar zinare ake amfani da ita. Asenik yana da nasa wayon: iri biyu ne a ruwa, ɗaya yana zuwa sanda cikin sauƙi, ɗayan yana noƙewa sai an fara juya shi da sinadari ya koma irin na farko. A ƙasa irin Bangaladash, inda aka gano asenik a rijiyoyin burtsatse a shekarun 1990 har aka riƙa shafa wa famfuna jan fenti ko kore, mantawa da wannan mataki ɗaya zai iya sa a shafa wa rijiya mai guba kore.

Mutanenmu sun riga sun ci moriyar wannan fasaha ba tare da sun san sunanta ba. A 2010, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta ga yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, aka gano dalmar dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ce, har ta kashe yara fiye da 400. Ƙura da ƙasa ne babbar hanyar gubar, ko da yake tafkunan da ake wankin dutse da wasu rijiyoyi ma sun gurɓata. Ƙaramar na'urar LeadCare da aka riƙa auna jinin yaran da ita, wannan tarawa da sakin take yi. Ana haɗa ɗigon jini da ruwan asid mai rauni domin ya fasa ƙwayoyin jini ya saki dalma, a ɗiga a kan ɗan siririn kati mai ƙurar zinare, cikin minti uku lamba ta fito. Iyakar na'urar maikirogiram 65 ne a desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na litar jini, yaran Zamfara da yawa kuwa sun wuce nan, allon sai dai ya nuna cewa ya yi yawa. Dole aka koma tsarma samfurin, kuma da jinin da aka tabbatar dalmarsa kaɗan ce aka tsarma, domin sandar ta ci gaba da ganin irin abin da aka saita ta da shi. Ko a nan ɗin, shiri ne ya ceci awo.

Ba kowane ayon ke yarda ya zama ƙarfe a kan sanda ba. Fuloraid ba ya yi, kuma shi ne ya addabi Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, inda rijiyar burtsatse da aka haƙa a tsakiyar shekarun 1980 ta shekara goma sha wani abu tana ba gari ruwan da fuloraid ɗinsa ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita sau uku ko fiye, yara suka tashi da jajayen haƙora da lanƙwasassun ƙafafu. Ana ganin irin waɗannan haƙora a Langtang da Kaltungo ma. Ana auna fuloraid da wata sanda dabam da Martin Frant da James Ross suka ƙirƙira a 1966, mai ɗan dutsen lantanam fuloraid a bakinta wanda fuloraid kaɗai ke iya ratsawa. Ba ta tara komai, ƙarfin wutar da ke tasowa tsakanin cikinta da wajenta take aunawa, kuma bisa lissafin Walther Nernst na 1889, duk ninki goma na fuloraid yana motsa lambar da milibolt 59 in zafin ruwa yana digiri 25. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, ruwan da ya kai digiri 40 milibolt 62 zai ba ka, kuskuren milibolt ɗaya tak kuwa yana karkatar da sakamako da kusan kashi 4 cikin ɗari. Wanda ya saita sandarsa a ɗaki mai sanyi ya fita rana ya auna, ya riga ya karkace.

Shirin wannan samfur rabi da rabi ne: ruwan gwaji kashi ɗaya, wani haɗaɗɗen ruwa kashi ɗaya. Haɗin yana aiki uku. Yana cika samfurin da gishiri domin kowane ruwa ya zo daidai da ɗan'uwansa a idon sanda. Yana tsayar da tsami tsakanin 5 da 5.5, domin in ya fi haka tsami fuloraid yakan ɓuya, in ya karkata gefen kanwa kuma sandar takan ɗauki wani ayon a matsayin fuloraid. Na uku shi ne wanda ya fi shafar mu: yana ƙwace fuloraid daga hannun alminiyam da baƙin ƙarfe. Alif ɗin nan da muke jefawa a randa, da wanda gidajen ruwa ke zubawa buhu-buhu, gishirin alminiyam ne, alminiyam kuwa yana riƙe fuloraid gam. In mai gwaji ya yi tsimin kuɗi ya haɗa nasa ruwan babu sinadarin ƙwatar, ruwan da aka sa wa alif zai nuna ƙasa da abin da ke cikinsa.

Akwai wani rukunin dabaru da ke aiki da tantani, wato siririyar fata mai zaɓen wanda za ta bari ya wuce. Wani tantanin masu fulos kaɗai yake bari, wani masu mainos. In aka jera su aka sa wuta, ana iya zare ayon daga ruwa mai kauri ko mai datti zuwa tsabtataccen ruwa, a bar manyan ƙwayoyi marasa caji a baya. Inda wannan ya fi yin suna shi ne a na'urar da ke jera ayon a bututu ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, wadda Hamish Small da abokansa suka ƙirƙira a kamfanin Dow a 1975, kuma da ita ake auna kuloraid, naitiret, salfet da fuloraid a zubi ɗaya. Ruwan da ke tura samfur ta cikin bututun irin na soda ne, shi kansa yana ɗaukar wuta sosai, sai ya zama kamar sauraron raɗa a gefen injin niƙa. Tun 1992 kamfanin Dionex ya fito da wani ɗan akwati da ke fasa ruwa da lantarki, ya tura haidirojin ta cikin tantani ya maye gurbin sodiyam. Ruwan sodar ya koma ruwa zalla, ya yi shiru, ayon ɗin da ake nema kuma su koma asid, wanda ya fi ɗaukar wuta. Injin niƙa ya mutu, mai raɗa ya ɗaga murya.

Ƙaramin ƙanen waɗannan shi ne wanda Stig Pedersen-Bjergaard da Knut Rasmussen suka fito da shi a Jami'ar Oslo a 2006: ɗan bututun roba mai ramuka, a jiƙa bangonsa da wani mai, a cika cikinsa da ɗigon ruwa, a sa waya ɗaya a ciki ɗaya a waje. Wuta tana jan ayon ya ratsa man ya taru a ɗigon cikin mintoci kaɗan. Da ƙwayoyin magani aka fara, da bolt 300, daga baya aka gwada da ƙarafa da wasu gishirai, da wuta mai rauni ƙwarai. Yana da kyau a takarda, amma ruwa mai gishiri da yawa yana sa wutar ta yi yawa, ruwa ya fara fashewa, kumfa ta taso, tsami ya sauya. Ni dai ba zan ɗora hukuncin rufe rijiyar gari a kansa ba tukuna.

In aka tambaye ni wace hanya ta dace da ƙasarmu, zan ce ta tarawa da saki, tare da sandar fuloraid, kuma dalilina a fili yake. Babbar na'urar da ke ƙona samfur a wutar iskar agon ta auna ƙarafa da yawa lokaci guda ta fi su komai, amma tana son tukwanen agon ba yankewa, da wutar da ba ta ƙiftawa, da ɗaki mai sanyi, da injiniyan da sau da yawa sai an kira shi daga wata ƙasa. Jami'o'inmu ba su rasa irin waɗannan na'urori da aka lulluɓe da leda ba. Na'urar tarawa da saki kuwa yanzu akwai wadda ba ta fi wayar hannu girma ba, batir take ci, sandunanta a buga suke a kan ɗan kati da ake yarwa bayan amfani. Ana iya kai ta bakin rijiya a ƙauyen Bagega na Anka, a samu amsa kafin la'asar, ba sai gora ta yi kwana uku a bayan mota ba.

Amma arhar na'ura ba ita ce arhar gwaji ba. Asid ɗin da za a ɗiga dole ya zama mai tsabtar gaske, domin na kasuwa yana iya zuwa da dalmar da ta fi ta rijiyar. Ruwan da za a ɗauraye kofi da shi dole ya zama wanda aka zare wa ayon gaba ɗaya, ba ruwan batir na bakin titi ba. Ruwan dalma mai sanannen adadi da ake ɗigawa yana da ranar lalacewa. Katunan sanduna ba sa son zafi da laima. Waɗannan su ne ke ƙarewa bayan wata shida da tafiyar masu ba da tallafi, kuma ba su cika shiga kasafin kuɗi ba saboda ba a ɗaukar su hoto ranar bikin buɗewa.

Shi ya sa in aka miƙo mini takardar sakamakon ruwa, kafin in dubi lambar dalma nake neman layin gorar banza. Gora ce irin sauran, an wanke ta tare da su, an cika ta da tsabtataccen ruwa a ɗakin gwaji, ta hau mota ɗaya da su zuwa ƙauye. A bakin rijiya a buɗe ta, ta sha iskar wurin, a ɗiga mata asid daga kwalba ɗaya, a rufe, ta dawo, a tara a saki kamar kowace. In allonta ya fito a shimfiɗe, sai a karanta sauran. In kuwa tsauni ya taso mata a mainos 0.4, to dalmar daga asid ce, ko gora, ko ƙurar hannun mai ɗiba, kuma sai an sake wanke gorori a koma rijiyar.